Rufin Lantana

A duk jihar Maraɗi babu inda adalci ya zauna da gindinsa kamar layin shagunan kasuwar Cadawa. Alhaji Hambali, dillalin raguna kuma shugaban layin, shi ya tabbatar da haka ranar da aka kafa ƙarfen kamun intanet a rufinsa, aka ja igiya ɗaya ta bi shago-shago har na ƙarshe, tunda a kwarin nan salula ba ta kama komai da kanta.

"Rezo, wato intanet ɗin nan, ruwan rafi ne," in ji shi. "Na gaba ya sha, na baya ya sha. Wanda bai samu ba, rabonsa ne bai zo ba."

Shagon ƙarshe na Lantana ne, mai sayar da aya. Shi kuwa Alhaji masoyin kokawa ne. Tun hantsi abokansa ke cika benci, kowa na kallon tasa a salula, abin da ke gangarowa wurin Lantana ko maƙoshi ba ya jiƙawa. Wata rana babban mai sayen kayanta na Katsina ya nemi bidiyon sabuwar aya. Ta tura, abin ya yi ta kewaya wuri ɗaya kamar akuya a turke. Kafin ya isa, mutumin ya saya a Gazawa, kuma bai sake waiwayarta ba.

Ta kai kuka. Alhaji bai ɗaga ido daga kokawar ba.

"Haƙuri, Hajiya. Rabo ne."

"To, Allah ya kawo rabon," in ji ta. Ta koma ta adana maganar inda ɓera ba ya kaiwa.

Iskar farkon damina ta kwashe kwanon rufin Alhaji har da ƙarfen. Mai gyara ya duba layin kaf, ya ce rufin siminti ɗaya ne zai riƙe shi, na Lantana. Can aka mayar da ƙarfen. Igiya tana nan yadda take, rafin ne ya juya.

Sallar layya ta matso. Wani attajirin Yamai ya ce zai kwashe ragunan Alhaji duka, in ya gan su kai tsaye ta bidiyo ranar kasuwa. Ranar, Lantana ta shimfiɗa tabarmi, ta dama fura, ta gayyato matan kasuwa, ta roƙi kowace ta kunna tafsiri a salularta, mai hoto, don ladan ya yawaita.

Can sai ga Alhaji yana gumi, fuskar attajirin ta daskare a salular da ke hannunsa, baki buɗe.

"Hajiya, don Allah a ɗan rage..."

"A rage me, Alhaji?" Ta ɗaga murya. "Karatun?"

Mata suka ɗago kai. Wata tsohuwa, Husaina, ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Kai da ka je Makka?"

Alhaji ya dubi matan. "A'a, Inna. Cewa na yi a ɗan ƙara murya."

"Ku ƙara masa," in ji Lantana. "Zauna mana, Alhaji, ga fura."

Ya zauna. Bai tashi ba sai da aka shafa fatiha.

Motar attajirin Yamai a kasuwar Gidan Rumji ta yi lodin raguna. Sallah ta zo ta wuce. Yanzu kullum da la'asar Alhaji kan rufe shago da wuri, ya ɗaura buhun dusa a bayan babur, ya bi ta bayan layin, ya nufi gida inda ragunan ke jiransa.