Ƙararrawar Mista Brubaker

A ofishin Sabuwar Hanya, inda ake tura masu karɓar tallafin gwamnati su koyi neman aiki, akwai wata ƙararrawar tagulla rataye kusa da ƙofa. Duk wanda ya sami aiki shi zai ja igiyarta da hannunsa, sauran su miƙe su yi tafi, a ɗauke shi hoto a manna a bango. Mista Brubaker, malamin ajin, shi ya sayo ta da kuɗinsa, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka. Mutum ne mai fara'ar da ba ta ɗaukewa. Ko labarin mutuwa ka kai masa, sai ya samo maka abin farin ciki a ciki.

Shondra Pettaway ta yi makonni tana zaman wannan aji. An koya mata yadda ake miƙa hannu a gaisa, ita da ta haura shekara talatin tana gaisawa da mutane ba wanda ya taɓa ƙorafi. An koya mata murmushi. An koya mata cewa kada ta ce ba ta da aiki, ta ce tana tsakanin dama biyu. Ta haɗiye duka, domin wanda ya yi fashi ko ya ɓata fuska, Mista Brubaker zai ce ba shi da haɗin kai, tallafinsa ya tsaya.

Amma ba tallafin ne ya zaunar da ita ba. 'Yarta Kiara, mai shekara tara, tana hannun wasu masu riƙo a can ɗaya gefen kogi tun hunturun da aka yanke wa Shondra iskar gas ta ɗumama gida, malamar makaranta ta ga yarinyar tana barci a aji da rigar sanyi biyu, ta kai rahoto. Alƙaliya ta faɗa wa Shondra magana ɗaya tak: ta riƙe aiki wata shida ba yankewa, a mayar mata da 'yarta. Ranar Asabar kaɗai take ganin ta, a wani ɗaki mai kujerun roba, da ma'aikaciya zaune a gefe tana kallon waya.

Abin da ke sauƙaƙa mata zaman ajin shi ne Loretta Sims, maƙwabciyar kujerarta, uwar yara uku mai bakin da ba ya hutawa.

"Ke, dubi haƙoran mutumin nan," Loretta za ta raɗa mata. "Na rantse da murmushin yake kwana. Matarsa na shan kallo."

"Rufa mana asiri, zai ji."

"Ya ji mana. Ni ma tsakanin dama biyu nake, damar in mare shi da damar in ƙyale shi."

Wata safiya Mista Brubaker ya kira Shondra gefe, ya ce wani kamfanin wankin zannuwan otal yana neman mace mai ƙwazo, kuma ita ta fara faɗo masa a rai. Ya kai ta ɗakin da suke ajiye kayan aro na zuwa ganawa, ya zaro mata wata kwat shuɗiya mai duhu. Ta ɗan matse ta a kafaɗa, kuma maɓallin ƙasa ba irin sauran ba ne, wani ya ɗinka baƙi da jan zare. Ya ce kwat ce mai sa'a, ba a taɓa zuwa da ita an dawo hannu banza ba.

Haka kuwa aka yi. Manajan, Mista Kowalczyk, bai yi mata tambaya uku ba ya ce ta fara Litinin. Ta dawo ofis ta ja igiyar ƙararrawar nan da ƙarfin da ya sa ta kusa tsinkewa. Loretta ta rungume ta tana tsalle. Shondra ta yi kuka a gaban kowa, ba ta ji kunya ba, aka ɗauki hoton nata da jajayen idanu.

Ranar Litinin ta sake sa kwat ɗin kafin ta mayar, don a san ta ɗauki aikin da muhimmanci. Tana shiga ɗakin da mata ke sauya kaya, wata tsohuwa mai gajeren farin gashi ta ɗago, ta dube ta daga kafaɗa zuwa maɓallin ƙasa, ta ce wa sauran, "To, ga Ƙararrawa ta iso."

Matan suka yi 'yar dariya. Shondra ma ta yi, har ta fi su. Ita ce ke jan waƙa a cocinsu tun tana budurwa, kuma an sha gaya mata muryarta tana ratsa bango. Ta ɗauka gaisuwar da ta yi daga bakin ƙofa ce ta jawo mata sunan. Da aka nuna mata akwatin ajiyarta, ta ga na kowa da sunansa, nata kuwa hoton 'yar ƙararrawa ne aka zana a jiki, sai daɗi ya kama ta. Ba ta tsaya lura da cewa tawadar ta daɗe da koɗewa ba.

Aikin ba na wasa ba ne. Ita da tsohuwar, Mis Odessa, su ke ciyar da injin guga, kowa ta kama kusurwa biyu na jiƙaƙƙen zani su miƙa masa, ya haɗiye, su ɗauko wani. A waje dusar ƙanƙara na zuba, a ciki gumi na bin bayanka har cikin takalmi. Ƙarfen injin ya ƙone mata tafin hannu tun makon farko, kafin ya warke ya sake ƙonewa. Ba ta taɓa makara ba, ko da bas biyu take hawa. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. In aikin ya yi nauyi sai ta ja waƙar coci, ai sunan da aka sa mata ke nan, dole ta cika shi.

Ranar Asabar ta gaya wa Kiara. "Har sun sa wa uwarki suna. Ƙararrawa."

"Saboda kina da surutu?"

"Saboda murya, marar kunya."

Yarinyar ta yi dariya, sannan ta yi tambayar da take yi kowane mako. "Mama, saura nawa?"

"Wata shida." Daga baya ya zama biyar, ya zama huɗu. Kiara ta fara tattara kayanta a jaka tun yana huɗu, mai riƙon ta ce kullum sai ta kwance mata ita.

Ana cikin wata na uku, Shondra ta dafa makaroni da cuku babbar tasa ta kai wa matan lokacin hutun rana. Ta lura suna yi mata kirki amma daga nesa, ba mai tambayar ta inda take zaune, ba a sa ta cikin karo-karon bikin ranar haihuwa ba. Ta ce bari ta fasa wannan ƙanƙarar da abinci. Suka ci, suka yaba. Mis Odessa kuwa ta ci loma biyu ta ajiye cokali.

"Ƙararrawa, me ya sa kika wahalar da kanki?"

"Haba Mis Odessa, ai mun zama 'yan gida. Kuma sunana Shondra, in ba a manta ba."

"Ba mantawa na yi ba, ɗiyata. Ban riƙe ba ne tun farko. Na daina riƙewa."

Sauran matan suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinta. Tsohuwar ta jira suka fita.

"Kina tsammanin don muryarki muke kiran ki haka?"

Ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Duk wadda ofishin can ya turo, sunanta ke nan. Ta farkon ce ta ba mu labarin ƙararrawarsu, tana ta murna, shi ke nan suna ya bi kujerar. Kwat ɗin nan taki mai jan zare, na gan ta a jikin doguwa, na gan ta a jikin gajera, na gan ta a jikin wata mai ciki da ba ta iya ɓalla ta ba. Wata ukun farko gwamnati ke biyan rabin albashinku. Ranar da ta daina, sai aiki ya ragu. Litinin mai zuwa kuma sai ga kwat ta shigo."

"Ni ban taɓa makara ba."

"Wadda ta gabace ki ma haka. Ta fi ki sauri, kada ki ji haushi."

"To me ya hana ki gaya min tun ranar farko?"

"In gaya miki ki yi yaya? Ki ƙi aikin su yanke miki katin abinci? Na taɓa gaya wa wata, ta yi wata uku tana kuka a kan zannuwan mutane, ƙarshe dai aka sallame ta. Gara ke, kin yi naki da waƙa."

Shondra ta ji haushin tsohuwar nan kamar ta kife mata tasar a ka. Ta ji haushin ta fiye da manajan, domin shi ba ta taɓa ɗaukar sa ɗan'uwa ba. Ta wanke tasarta ta koma bakin inji, ta ce a ranta ita za ta zama ta farkon da za a riƙe. Ta daina waƙa. Ta fara zuwa kafin kowa, ta share inda ba a sa ta ba, ta karɓi aikin ranar Lahadi ta bar coci. Ta tare Mista Kowalczyk a hanya ta gaya masa zancen Kiara da alƙaliya, abin da ba ta taɓa gaya wa kowa a wurin ba. Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce shi ma yana da 'ya mace.

Ranar Asabar ɗin makon Kiara ta tambaya, ta ce mata saura uku.

Juma'ar da ta biyo baya ya kira ta ofishinsa. Ya ce aiki ya ragu, otal-otal ba baƙi, abin ba daga ita ba ne ko kaɗan. Ta tagar da ke bayansa tana hango amalanken zannuwa jere har bakin ƙofa, ba inda za a taka. Ya ce duk wanda ya tambaye shi zai yabe ta. Ya kira ta Sandra.

Da ta je kwashe kayanta, Mis Odessa na tsaye a bakin akwatin. "Shondra," ta ce, karo na farko. Shondra ta wuce ta ba ta waiwaya ba.

Litinin da safe ta koma Sabuwar Hanya. Hotonta na nan a bango, da jajayen idanu da kwat shuɗiya. Yanzu da ta san abin dubawa, ta bi layin hotunan da ido, ta ga kwat ɗin nan a sama, ta gan ta a tsakiya, ta gan ta a jikin mai ciki.

Mista Brubaker ya tare ta da haƙora a waje. Da ta gaya masa, ya ɗan rage murmushin kamar yadda ake rage wutar murhu, bai kashe ba.

"Mis Pettaway, kada ki kalle shi a matsayin kora. A wurinmu kin yi nasara, kin cika wata uku. Kin sami gogewa."

"Alƙaliya shida ta ce. Ba yankewa."

"To, sai mu sake farawa da ƙarfinmu."

"Ka san haka za a yi. Kai ka ba ni kwat ɗin."

Ya gyara zama. Ya ce shi nasa ya buɗe ƙofa, abin da ke faruwa a ciki tsakanin ma'aikaci da kamfani ne. Sannan ya sassauta murya ya tuna mata cewa mako mai zuwa za ta koma kotu, kuma ma'aikaciyar da ke riƙe da zancen Kiara za ta kira shi ta ji ko tana da haɗin kai. Ya ce yana son ya faɗi alheri a kanta, ta taimaka masa ya iya. Ba barazana ya yi ba. Irinsu ba sa barazana, tunatarwa suke yi.

Tana zaune a gabansa ƙararrawa ta buga.

Ya miƙe da sauri, ya ce ta zo, wannan zai ƙarfafa mata gwiwa. A bakin ƙofa Loretta ce riƙe da igiya, tana dariya tana share hawaye. Kwat ɗin ta yi mata yawa, ta naɗe hannuwan. Da ta hango Shondra sai ta saki igiyar ta taho da gudu.

"Ke, wurinku aka ba ni. Gidan wankin. Yau zan fara da rana. Bas ɗaya za mu riƙa hawa, kin shiga uku da surutuna."

Mista Brubaker ya ɗora hannu a kafaɗar Shondra ya ce wa 'yan ajin, "Ga ɗaya daga cikin taurarinmu nan, ta zo taya 'yar'uwarta murna."

Shondra ta so ta gaya mata gaskiya. Ta dubi Loretta, ta tuna yaranta uku. Ta dubi Mista Brubaker, yana kallon ta yana murmushi, yana jira.

"Yaya mutanen wurin?" Loretta ta raɗa mata. "Suna da kirki?"

"Za su sa miki suna tun ranar farko."

"Allah? Ni dai kada su ce min Gajera."

"A miƙe a yi tafi," in ji Mista Brubaker.

Kowa ya miƙe. Shondra ta haɗa tafukan hannunta da ba su gama warkewa ba, ta buga, ta ci gaba da bugawa yadda zai gani, har ƙunar ta sake buɗewa. Ranar Asabar Kiara za ta tambaye ta saura nawa, da jakarta a ɗaure, kuma amsar ita ce shida.