Sabon Kifi a Akwatin Siya

"Ba wannan dutsen ba, duwa. Na ƙasansa, mai ramin."

Hannuna yana cikin ruwan gishiri har kafaɗa, rigata ta jiƙe, Siya Dayaratne kuma yana kishingiɗe a doguwar kujerarsa yana yi mini nuni da sanda. Duk layinmu a Weligama Siya muke ce masa, wato kaka, shi kuma duwa yake ce mini, wato 'yata, kamar 'yar cikinsa, alhali katanga ce kawai ta haɗa mu. Shekara talatin ya yi yana nutso a teku, yana kamo ƙananan kifaye masu launi yana kai wa 'yan kasuwar Colombo, har ƙirjinsa ya gaza. Abin da ya rage masa na teku shi ne wannan akwatin gilashi da ke baranda, mai tsawon gadon yaro, cike da murjani mai rai.

A saman ruwan wata leda ce take yawo, cikinta wani ɗan kifi rawaya da abokinsa na nutso ya aiko masa. Ni da na fi son labaran soyayya da abinci, na so a sake shi nan take, in ga yadda za a tarbe shi. Siya ya yi dariya har ta koma tari.

Ya ce haɗa kifin teku ba haɗa fure ba ne. Mai ƙayar nan kyakkyawa duk abin da ya shiga bakinsa ya haɗiye. Mai fiffiken malam-buɗe-littafi murjani yake ci har ya bar farin dutse. Biyu masu kama ɗaya da launi ɗaya sai ɗaya ya mutu. Kuma ana fara sa mai sanyin hali, mafaɗaci a ƙarshe. Matsalar ita ce akwatinsa ya riga ya sami mafaɗaciya, wata shuɗiya da ba ta wuce ɗan yatsa ba, da ta shekara shida tana mulkin ramin nan.

"Idan mai faɗan ce ta riga zuwa fa?" na tambaye shi.

"Sai ki rushe mata gari. Ki juya kowane dutse, ta rasa raminta. In ta zama baƙuwa, ba ta da abin da za ta tsare."

"Kullum yana yi?"

"Sau bakwai cikin goma. Sauran ukun da safe nake kwashe gawa."

Na juya duwatsun, muka saki rawayan. Shuɗiyar ta kai masa cizo ɗaya a wutsiya, sannan ta tafi neman raminta.

Daga cikin gida muryar matarsa ta taso, Leelawathie, wadda muke kira Acci, wato kaka mace. Tana tambaya wane ne ya ɗiga mata ruwa a daɓe, kuma wane ne ya ɗauki tawul ɗin da ba na hannu ba. Siya ya kashe mini ido.

Kowa a layin ya san labarin. Ɗansu guda, Lasantha, ya auro Thevaki daga Trincomalee, Batamila, wato ba ƙabilarsu ba, malamar makaranta. Ya kawo ta gida shekara biyu da suka wuce, ta yi kwana tara. Acci ba ta zage ta ko sau ɗaya ba. Sai dai duk tukunyar da Thevaki ta wanke Acci ta sake wankewa, duk cokalin da ta ajiye Acci ta ɗauke ta mayar da shi taku ɗaya gefe. Ranar ta goma Thevaki ta ɗauki jakarta, Lasantha ya bi ta. Ni a lokacin kuka na yi don daɗin irin wannan ƙauna. Siya kuwa ƙofa ya yi ta kallo.

Yanzu likita ya ce makonni ne suka rage wa Siya. Lasantha da matarsa za su zo ranar Asabar. Idanun Acci sun fara dushewa, kuma ta rantse gawarta ce kawai za ta bar gidan nan. In Thevaki ta sake tafiya, tsohuwar za ta zauna ita kaɗai da akwatin kifin da ba ta san ciyar da shi ba.

Ranar Alhamis farin wata ya cika, ranar ibadarsu ce. Acci ta sa fararen kaya tun sassafe ta tafi haikali, inda tsofaffi ke wuni har yamma. Ƙafarta na fita Siya ya buga katanga da sanda. Na same shi ya jawo kujerarsa bakin ƙofar kicin, yana haki.

"Fara da kantar sama," ya ce.

Na dube shi, na dubi kicin ɗin da Acci ta shekara arba'in da shida tana tsarawa, sai na gane. Na ce masa za ta kashe mu.

"Ni ai an riga ta. Ke kuma kina da gudu."

Muka wuni. Murhun gas ya koma ƙarƙashin taga. Kujerar kankare kwakwa ta bar bayan ƙofa ta shiga ƙarƙashin tebur. Barkono ya shiga gwangwanin sukari, kurkum ya hau kantar da Acci ba ta kaiwa, busasshen kifi ya koma cikin tukunyar ƙasa. Ya sa na yi alkawarin ko wuƙa aka sa mini ba zan faɗi inda komai yake ba.

Da la'asar Acci ta dawo da ƙanshin turare a jikinta. Ta tsaya a ƙofar kicin ta daɗe. Ta juya ta dubi akwatin gilashi, ta dubi mijinta.

"Dayaratne, ni ka mayar kifi?"

"Shuɗiyar," ya ce. "Ita ta fi kyau a akwatin."

"Shekara arba'in da shida ina dafa maka, tsohon banza."

"Shi ya sa. Huta. Zo ki zauna nan."

Ta ce kafin gari ya waye komai zai koma mazauninsa. Amma bai bar ta ba. Da ta doshi kicin sai ya kira ta, ƙirji ne, matashi ne, a shafa masa mai a ƙafa. Ban san wanne ne ciwo wanne ne dabara ba, ina jin shi ma ya daina bambancewa. Mahaifiyata ce take aiko musu shinkafa da miya ta kan katanga.

Ranar Asabar suka iso. Thevaki ta durƙusa ta taɓa ƙafafun tsofaffin, Acci ta ce mata ta rame. Na lura ba ta kwance jakarta ba, a bayan ƙofar ɗaki ta jingine ta. Ta gaya mini a hankali cewa in Siya ya rasu, bayan sadakar kwana bakwai za ta koma.

Ranar Litinin da hantsi Siya ya ce a fito da shi baranda. Lasantha ya ɗauko shi kamar yaro. Ya kalli akwatin, ya ce mini kada in ƙara kifi ko ɗaya sai wata ya zagayo, kuma kafin gishiri ya taru a gilashi in goge. Ya riƙe hannun Acci ya ce mata ta daina harararsa, mutane na kallo. Ta ce ba za ta daina ba. Rawayan kifin ya fito daga bayan murjani ya koma. Da na waiwayo, sandar Siya ta zame ta faɗi a daɓe, kuma babu wanda ya sunkuya ya ɗauka.

Aka rataya fararen tutoci daga ƙofarsa har bakin titi. Gidan da gawa take ba a hura wuta, maƙwabta ne ke kawo abinci, don haka kwana uku babu wanda ya taɓa kicin ɗin. Ina tsaye ina zuba wa masu gaisuwa shayi na tuna da haka, sai hawaye suka zubo mini. Har wannan ya lissafa.

Ranar da malaman haikali suka zo aka fita da shi, dole a dafa abincin farko, shinkafa da kabewa da busasshen kifi, kafin masu rakiya su dawo. Acci ta shiga kicin, Thevaki ta bi ta ta tsaya daga bakin ƙofa, hannuwanta a naɗe. Ni ina baranda ina ba kifi abinci, ina jin komai.

Acci ta buɗe gwangwanin sukari ta yi atishawa. Ta lalubi bayan ƙofa ba kujerar kwakwa. Ta buɗe tukunya uku.

"Hansani, ina kurkum?" ta ƙwala mini kira.

"Ban sani ba, Acci."

"Maƙaryaciya. Duk shi ya lalata ki."

Sai na ji takun Thevaki, da ƙarar gwangwani daga kantar sama.

"Ga shi, Amma," ta ce, wato uwa.

Acci ta karɓa, ta juya za ta ajiye shi inda ya saba zama, amma wurin yanzu murhu ne. Ta tsaya da gwangwanin a hannu.

"Ku a can ina kuke ajiye shi?"

"Kusa da wuta, ta hannun dama."

"Zafi zai kashe masa ƙanshi."

"A gidanmu ba ya daɗewa har ya kai ga haka."

Acci ta yi wani ɗan sauti ta hanci, wanda ban taɓa sanin ko tsaki ba ne ko dariya. Na ji gwangwanin ya sauka a kan katako, ta hannun dama.

Ta ce wa Thevaki, "To nemo mana busasshen kifin nan, duwa. Ni idona ba ya gani."

Da yamma na wuce ta ƙofar ɗakinsu. Jakar tana kan gado a buɗe, an fitar da rabin kayan. Na koma baranda na ɗauki sandar Siya na jingine ta da kujerarsa. A cikin akwatin shuɗiyar ta sami wani sabon rami can gefen hagu, ta leƙo da kai. Rawayan yana tsintar abinci a bakin ramin, da 'yar yagewa a wutsiyarsa.