Kwaɗin Fadamar Gulma

Ranar da labarin ya iso mini, ina dakan ɗan geron da ya rage mana. Sahabi, ƙanin maigidana, ya shigo. Kullum sai ya tsokane ni, ya ce, "Hure, wanga tuwo ne ko dutse?" Ran nan bai yi wasa ba. Ya tsuguna bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

"Sahabi, lahiya?"

"Yaya Dankure ne. Rijiyar da suke haƙa a unguwar Nasarawa, can Birnin Kebbi, ta rufta da shi. An yi mishi sutura jiya."

Maigidana Dankure ba mahaƙin rijiya ba ne. Manomin shinkafa ne a fadamar Gulma, kuma bai taɓa fita cin rani ba sai wannan karon.

Shekarar da aka samu 'yancin kai, malamin gona ya kawo wata farar hoda ta kashe ƙwari. Maza suka riƙa ƙulla ta a tsumma suna kaɗawa bisa shinkafa. Da suka ga tana aiki, suka barbaɗa har bakin ruwa, suka wanke tsummokaran a tafkin fadama. Rumbunmu ya cika. Maigida ya ce mini, "Kin gani? Zamani ya zo."

Da damina ta dawo, fadama ta yi tsit. Kwaɗin da ke cika mana kunne da magariba babu su. Yanar gizo-gizo da muke gani bisa ganye da raɓar safe, ita ma babu. Mun tsinci balbelu a mace gefen ruwa. Ni har daɗi na ji, na ce mun huta da kukan kwaɗi.

Sai tsutsa ta zo. Da ma tana zuwa, ashe su ne ke rage mana ita. Yanzu ba mai cin ta. Aka ƙara hoda, ta shige cikin kara inda hoda ba ta kaiwa. Zangarniya ta fito fara fat, ba ƙwaya.

Da maigida zai tafi cin rani Birnin Kebbi, ina goye da 'yarmu Sadatu. Ya shafa kanta, ya ce, "In na samu na hatsi, ina dawowa kafin ruwan fari." Na ƙulla masa busasshen kifi a ɗankwali.

Yanzu akwai wani kwaɗo da ke zaune ƙarƙashin randata. 'Ya'yan Sadatu suna son su kore shi, ina hana su. Kowace safiya in na ɗebi ruwan alwala, sai in tsiyaya masa kaɗan a ƙasa, don wurin ya zauna da sanyi.