Tsarabar Yaya Hussaini

Shekara goma sha ɗaya Yaya Hussaini yana Amurka, shekara goma sha ɗaya mijina Usman yana zaune a unguwar Nuzla da gangar jiki kawai. Shi da wan nasa duk a nan Jidda aka haife su, amma takarda ba ruwanta da wannan. Fasfonmu na Nijar ne, ƙasar da ko a mafarki ba mu taɓa takawa ba. Iƙama, wato takardar izinin zama, ita ce ke riƙe da mu, ni da shi da 'yarmu Lujain, iƙamar kuma tana hannun kafilinsa, ubangidan da yake wa aiki, mai wata masana'antar roba.

Duk Juma'a Yaya zai kira ta bidiyo, yana jingine da wata farar mota, ya ce, "Ka ƙara haƙuri, ina shirya maka hanya." Ai ya zama Ba'amurke, har fasfonsu ya samu, wa zai musa masa? Da ya ce zai zo Umra a Rajab, kuma maganar tafiyarmu ta kusa kammaluwa, sai Usman ya yi abin da har yau ban daina jin takaicinsa ba. Ya je wurin kafili ya ce a buga mana fita ta ƙarshe, wadda in an buga, kwana sittin ka bar ƙasar. Wai kada Yaya ya zo ya tarar bai shirya ba. Na roƙe shi ya kira ya tambaya tukuna. Ya ce ƙani ba ya titsiye wansa.

Ranar da Yaya ya iso na dafa shinkafar kabsa, maƙwabta suka cika ɗaki. Ya rame, amma kowa cewa yake sanyin can ne. Ya buɗe jaka ya raba tsaraba yadda aka saba: turare, agogo, takalmin Lujain. Na juya takalmin. A ƙasansa ga ɗan jan tambarin shagon Tahani na unguwar Aziziyya a nan Jidda, inda na yi shekara uku ina jera kaya. Ni kaina na manna irinsa ya fi a ƙirga.

Bayan la'asar baƙi suka watse, na kawo shayi. Bakina bai iya ajiya ba.

"Yaya, takalmin nan ai na Aziziyya ne."

Usman ya harare ni kamar zai cinye ni. Yaya kuwa ya ajiye kofinsa.

"Rahamatu ta yi gaskiya. Jiya na sauka, na tsaya na saya, don kada in shigo hannu rabbana. Usman, ya akhi, ɗan'uwana, babu wata hanya. Sito ɗin da nake aiki an rufe shi tun bara. Farar motar nan da kake gani, cikinta nake kwana."

"Amma kai ɗan ƙasa ne a can, Yaya."

"Wanda ke kwana a motar da ke kusa da tawa malamin makaranta ne, kakannin kakanninsa a can aka haife su. Halas, shi ke nan, ni na gaji. Kunya ce ta hana ni faɗa maka." Ya kama hannun Usman da hannu biyu. "Ba Umra kaɗai ta kawo ni ba. Ka yi min magana da kafilinka. Ko gadi ne, ko dako, wallahi zan yi."

Tsoro ya kama ni. Kwana arba'in da ɗaya suka rage mana, kuma ranar da aka buga fitar kafili ya rantse ba zai soke ba ko za mu yi kukan jini.

Usman ya ture shayin da ya huce gefe. Sannan ya ciro wayarsa, ya buɗe saƙon fitar, ya miƙa wa wansa.

"Akwai gurbi ɗaya, Yaya," ya ce. "Nawa ne."