Zoben da ke Cikin Kafireto

Yayana bai taɓa yarda wani ya shiga gabansa a kan babur ba. Mu shida ne abokan tafiya, duk mun yi furfura, kuma kowace shekara sai mun ɗaure kaya mun yi doguwar tafiya, ba don muna da abin yi a can ba, sai don hanyar kawai. Shi ke jan gaba tun farkon farawa. Ni kuwa da yake ni ne autan gidanmu, ni ake ɗora wa jakar sifanu da famfon taya, in bi kowa a baya ina shaƙar hayaƙinsu. Jikokina sun shiga makaranta, amma har gobe Auta yake kirana, ko a gaban surukaina.

A tafiyar bara abin ya fara. Mun zo wata kwana a gangaren dutse, Yaya ya shige ta da gudun da ya saba, sai babur ya ƙi juyowa, ya tafi da shi cikin tsakuwar gefen titi. Allah ya kiyaye, gwiwar hannu kawai ya kurje, sai madubi da ya fashe. Ya miƙe yana kakkaɓe wando yana zagin yashin da aka bari a kan kwalta, kowa ya ce lallai yashi mugun abu ne. Ni daga saman gangaren na ga komai. Fitilar birkinsa ba ta kama ba sai da ya riga ya shiga kwanar, kuma da na duba kwaltar ban ga yashin da zai cika cokali ba.

Ban gaya wa kowa ba. Amma matar Yaya ba ta buƙatar mai gaya mata, don ita ke goge shayin da ke zuba a kan tabarma duk safiya idan ya ɗauki kofi. Ta roƙe shi ya bar tafiyar bana, ya ce ranar da ya ajiye babur a fara haƙa masa kabari. Ta turo masa 'ya'ya, ya kore su ɗaya bayan ɗaya.

Mijin babbar 'yarsu bakaniken babura ne, Injiniya muke ce masa, kuma shi kaɗai ke taɓa babur ɗin Yaya. Garejinsa rumfar kwano ce a bakin titi, da benci guda da baƙin mai ya gama jiƙawa, da tsohuwar roba cike da fetur inda ake wanke kayan inji. Wata safiya ina zaune a kan bencin ana ja mini sarƙa, sai ga matar Yaya tana tafe tana tattare zane kada ya taɓa ƙasa. Ba ta taɓa taka wurin ba. Injiniya ya durƙusa ya gaishe ta, yana ɓoye baƙaƙen hannuwansa a baya kamar wanda aka kama da kayan sata.

Ba ta dube shi ba, ni ta duba.

"Auta, tambaye shi, akwai yadda za a yi babur ya rage gudu ba tare da mai shi ya sani ba?"

Ban tambaye shi ba, don yana tsugune a gabanta kuma ba kurma ba ne. Gaba kura baya sayaki: ya ƙi, ya saɓa wa uwar matarsa, ya yarda, ya ha'inci uban matarsa.

"Baffa," ya ce da ni, kansa a ƙasa, "ka gaya wa Inna akwai. Amma ran da Baba ya gane, ina zan sa kaina?"

"Gaya masa gara ya rasa inda zai sa kansa da matarsa ta rasa uba," in ji ta. Ta juya ta tafi, ko gaisuwar jikokinta ba ta bayar ba.

Da Yaya ya kawo babur juyen baƙin mai, Injiniya ya ce a bar masa shi zuwa yamma. Ya yanko ɗan zobe daga bututun jan ƙarfe, ya goge bakinsa da zarto har ya yi santsi. Ya buɗe kafireto, wato inda mai da iska ke haɗuwa kafin su shiga inji, ya zura zoben a saman ɗan ƙarfen da wayar totur ke ja sama. Ya nuna mini da yatsa: ko ka murɗa totur har ƙarshe, ƙarfen zai tokari zoben ya tsaya, maƙogwaron babur ba zai buɗe duka ba. A cikin gari ba ka jin bambanci, sai ka samu buɗaɗɗiyar hanya ka nemi gudu.

"Baffa, kai ne shaida ba da son raina na yi ba," ya ce yana ɗaure murfin.

"Ni ban ga komai ba," na ce. "Sarƙa na zo a ja mini."

Mutumin da ya tsufa a kan babur ba ya buƙatar agogon gudu kafin ya san an taɓa masa abin hawa. Ba a daɗe ba Yaya ya dawo gareji fuska a murtuke, ya ce babur ya yi sanyi, yana kiransa ba ya amsawa. Daga nan aka bar jaki aka shiga dukan taiki. Da farko ya ce fulogi ne, aka canza. Sai ya ce gidan man da yake sha ne ke gauraya fetur, ya yi fushi da su ya koma wani can nesa da gida. Ya sayo matatar iska irin ta masu tsere, ya sayo salansa mai ƙara wadda ke tada awakin unguwa duk lokacin da ya fito. Ƙara ta ƙaru, gudu yana nan inda yake.

Duk abin da ya kawo, Injiniya zai karɓa da hannu biyu ya ɗaura masa, ya ɗaure kowane noti tsaf, bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba. Yaya kuwa ya ɗauka kunyar suruki ce. Har yabonsa yake yi a bayan idonsa, wai yaran yanzu ba su da irin wannan ladabin. Ni dai in na ji haka sai in kama gyaran madubina, don dariya na cina, tausayin yaron kuma na cina.

Ranar tafiya muka fita da sassafe. Matar Yaya ta rako shi ƙofar gida, ta miƙa masa hular kwano, ta dube ni ta gefen ido, na kau da kai. Da farko lafiya lau, don hanyar cike take da motoci, ba mai samun gudu. Matsalar ta zo a wani dogon hawa, inda muka tarar da babbar mota ɗauke da buhunan siminti tana rarrafe. Yaya ya leƙa ya ga hanya fes, ya fita zai wuce ta. Ya kai tsakiyar motar, babur ya ce iyakata ke nan. Suka jera kafaɗa da kafaɗa, yaron motar yana daga sama yana yi masa dariya, har wata mota ta ɓullo daga gaba, dole ya ja birki ya koma baya. Abokanmu suna jere a bayansa suna kallo, kuma ba wanda ya isa ya wuce shi.

A garin farko da muka shiga bai ko tsaya shan ruwa ba. Ya tura babur ƙarƙashin wata bishiya inda wani bakanike ya baje kayan aikinsa a kan buhu, ya ce a buɗe masa kafireto yanzu yanzu. Na ce Yaya a bari mu koma gida mana, hannun da bai san babur ba zai iya ɓata shi. Ya ce in rufe masa baki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai na koma gefe na tsaya riƙe da jakar sifanuna.

Bakaniken ya zaro ƙarfen, zoben ya faɗo a tafin hannunsa. Ya juya shi a rana, ya yi fito.

"Baba, wannan ba daga kamfani ya zo ba. Wani ne ya yanka ya sa, don kada babur ya yi gudu. Kuma wanda ya yi gwani ne, dubi yadda ya goge bakin. Wa ke yi maka gyara?"

Yaya ya miƙa hannu. Ya karɓi zoben ya daɗe yana dubansa, sannan ya dube ni. Na so a ce ƙasa ta tsage in shige. Ya jefa zoben a aljihun gaba, ya ce a ɗaure masa babur haka nan.

Muna fita garin ya murɗa totur. Da sabuwar salansa da matatar masu tsere da duk abin da ya tara masa, babur ɗin ya zabura fiye da yadda ya taɓa yi. Kafin mu gama sa giya ya zama ɗigo a kan kwalta, sannan ya ɓace. Na karya doka a ranar, na wuce sauran duka na bi shi, jakar sifanu tana dukan bayana. Tsoro ya kama ni sosai. Duk kwanar da na shiga sai na duba gefen titi kafin in duba gabana, ina tunanin da wane baki zan yi wa matarsa bayani.

Na same shi can gaba, bayan wata gada. Babur na tsaye a kan ƙafarsa lafiya lau, inji a kashe, salansa na ƙas-ƙas tana hucewa. Shi kuma yana zaune a kan dutsen gefen hanya, ya cire hular kwano, ya dafa gwiwoyinsa. Hannuwansa na rawa har wandon na motsi.

Na kafe babur na tsaya a kansa. Ya nuna mini bakin gadar da haɓa, inda kwalta ta zaizaye ta bar rami mai faɗin tabarma. Ga zanen tayarsa nan a bakin ramin, tazarar da ba ta kai tafin hannu ba.

"Na gan shi tun daga nesa, Auta," ya ce. "Ba ido ba ne. Na gan shi, na ce wa hannun nan kama birki, sai da na wuce sannan ya kama."

"Allah ya kiyaye, Yaya."

"Bara ma babu yashi."

"Na sani."

"Na san ka sani. Kai komai ka sani, sai dai a same ka kana gyaran madubi."

Ya laluba aljihu ya ciro zoben, ya ce in kawo sukundireba. Ya so ya mayar da zoben da kansa, amma bakin sukundireban ya ƙi zama a kan kusar, yana ta zamewa yana kartar murfin. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Ina cikin ɗaurewa sauran suka iso, suka ga hannuwansa, suka ga ramin, ba wanda ya yi tambaya. Ɗaya ya ce wai shi ma dama yana son tsayawa ya miƙe ƙafa.

Haka muka ƙarasa tafiyar, shi a gaba mu a baya, da gudun da zoben ya yarda. In mun tarar da babbar mota a hawa, sai mu bi ta a hankali har ta gama. Mun ga gonaki da rafuka da muka sha wucewa ba mu taɓa lura da su ba, amma ba zan yi ƙarya in ce Yaya ya ji daɗinsu ba. Maganarsa ta ragu, kuma duk inda muka sauka shi ke fara kwanciya.

Da muka dawo ban iya ɓoye wa Injiniya ba, na gaya masa asiri ya tonu. Yaron ya kasa cin abinci, matarsa har ta zo tana tambayata ko wani abu ya faru a gareji. Washegari ina zaune a kan bencin sai ga ƙarar salansar Yaya daga farkon layi. Injiniya ya ajiye sifana, ya goge hannu a wando, ya durƙusa tun kafin babur ya tsaya.

Yaya ya kafe babur ya sauko a hankali. Ya amsa gaisuwa, ya tambayi yara, ya tambayi aiki.

"Injiniya, cire mini wannan salansar ka mayar da tsohuwar, ta ishe ni da ihu. Sannan ka buɗe kafireto."

"Baba, don Allah ka yi haƙuri, ni..."

"Ban tambaye ka ba. Zoben nan naka, akwai sauran bututun da ka yanko shi?"

"Akwai, Baba."

"To yanko wani. Ya fi wannan tsawo kaɗan, har yanzu yana fin ƙarfina a gangare." Ya zauna kusa da ni a kan bencin, ya juya fuskarsa wajen titi. "Kuma Innarku ba ta san na sani ba. A bar ta a haka."

Injiniya ya ɗauko bututun daga ƙarƙashin tebur, ya aza yatsa a inda zai yanka, ya matso da shi kusa don Yaya ya gani. Yaya ya ɗan waiwayo, ya kama yatsan ya ƙara matsar da shi gaba, sannan ya mai da fuskarsa titi. Ni kuwa idona ya cika, na tashi na ce bari in je in sayo mana shayi.