Digiri Huɗu a Sabon Ɗakin Kifi

Shekara goma sha huɗu na yi a gidan kifin Mayi Nkhoma a Senga Bay kafin ƙanena Yohane ya san ƙofar wurin. Masu nutso su kamo ƙananan kifaye masu launi da ake kira mbuna a tsakanin duwatsun tafki, mu kuma mu riƙe su a tankunan gilashi har ranar da za su hau jirgi zuwa wurin masu sha'awar kifin ado a Turai. Aikina shi ne ruwa. In canza shi, in auna ɗuminsa da ma'aunina na gilashi mai jan layi, wanda nake naɗewa a tsohuwar safa.

Ni na roƙa wa Yohane aikin, ni na koya masa riƙe raga. Amma da aka tashi tura mutum ɗaya kwas na wata uku a Lilongwe, shi aka ɗauka, wai ya fi ni Turanci. Ya dawo da wata 'yar na'ura mai nuna lambobi, da wutsiyar waya da ake tsomawa a ruwa. Ita ke kunna hitocin ɗumama ruwa, ita ke kashe su. Mayi ta gani, ta yi ta jinjina kai, a ranar ta miƙa masa makullin sabon ɗaki, inda aka zuba shuɗɗan kifaye ɗari biyu da wani Bajamushe ya yi oda. Ni aka bar ni da tsofaffin tankuna masu yoyo.

"Achimwene, ka huta da 'yar sandar nan taka mana," in ji Yohane a gaban masu nutso, yana kirana yaya da yarenmu. "Kai wa Mama ta riƙa tuƙa tuwon nsima da ita."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na washe baki, na mayar da ma'aunina cikin safa.

Watan Yuni ya shigo da iskar mwera, tafki ya yi ta hauka, sanyi ya sauka. Wata Talata da safe Yohane ya tafi Salima sayen abincin kifi, ya bar ɗakinsa a buɗe. Na shiga ɗaukar bokiti, sai na ga kifayen sun taru a ƙasa, sun naɗe fukafukansu. Na tsoma hannu. Ruwan ya yi mini sanyi. Na'urarsa tana nuna digiri ashirin da shida, daidai yadda mbuna ke so. Na zaro ma'aunina, na tsoma, na jira. Ashirin da biyu. Na gwada tanki uku, duk haka.

Na goge ma'aunina, na mayar cikin safa, na ja ƙofa.

Da rana muka ci nsima da ƙananan kifin usipa tare a gindin mangwaro. Yana ci yana ba ni labari cewa Mayi ta ce wataƙila ta tura shi Jamus ya ga yadda Bajamushen ke ajiye kifi. Maganar tana nan a bakina, na haɗiye ta tare da loma.

Ranar Alhamis fararen ɗige-ɗige suka feso a jikin kifayen. Ranar Juma'a, a hanyata ta zuwa aiki, na tsaya shagon masu lemo na sayi ƙanƙara, na ɓoye a kula. Ban daɗe da isowa ba Mayi ta ƙwala mana kira. Matattu goma sha bakwai ne jere a kan tire.

"Mayi, duba da kanki, ashirin da shida ne!" in ji Yohane. "Ba daga ruwa ba ne."

"Fanuel, me ka gani?" ta tambaye ni.

"A gwada ma'aunan biyu, Mayi. Wanda ke ƙarya zai nuna kansa."

Na ɗauko ƙanƙarar, na daddaka ta a kofi, na zuba ruwa kaɗan. Duk ma'aunin kirki, in ya shiga nan, sifili zai nuna. Na tsoma su tare. Jan layina ya yi ta sauka har ya tsaya a kan sifili. Na'urar Yohane ta tsaya a huɗu, ta ƙi motsi. Ashe duk kwanakin nan tana kashe hita tun ruwa bai yi ɗumi ba.

Mayi ba ta yi faɗa ba. Hannu kawai ta miƙa, ya sa mata makullin, ta ba ni. Daɗin da na ji, ina jin kunyar faɗarsa. Na ɗaga ɗumin ruwan a hankali cikin kwana biyu, na sa gishiri, wasu shida suka ƙara mutuwa, sauran suka tashi.

Amma tun a yammacin Juma'ar Yohane ya same ni a bakin famfo ina wanke raga.

"Achimwene, yaushe ka sayi ƙanƙarar nan?"

"Da safe."

"Kafin Mayi ta kira mu ke nan." Ya kalle ni. "Tun yaushe ka sani?"

"Talata."

Ya ɗauki raga ɗaya ya taya ni wankewa.

Mako guda ina jiran ya kai ni ƙara. Bai kai ba. Sai ma ya je da kansa ya ce wa Mayi laifinsa ne da ya dogara da ma'auni ɗaya. Ya sayo na gilashi biyu, ya kuma sa dokar gwajin ƙanƙara kowace Litinin, har da nawa. Mayi ta tara mu ta ce irin mutumin da take nema ke nan, wanda ba ya ɓoye kuskurensa. Ina tsaye da makulli a aljihu, ina jin kamar in jefa shi tafki.

A watan Agusta ya tafi Jamus. Ni na ɗaukar masa jaka zuwa tasha, don Mama ta ce in raka shi. Bayan kwana uku ya turo hotuna, yana tsaye sanye da rigar sanyi a gaban wani tanki da ya fi ɗakina girma. Masu nutso suka yi ta miƙa wa juna wayar suna ihu. Da ta iso kaina, na ce su wuce da ita, hannuna a jiƙe yake.