Gaɓar da Gwaggo Kalliopi Ta Manta

Saura mako biyar in bar tsibirinmu ranar da matar nan ta ɗauki shatar jirgin kawuna. Na riga na sami gurbi a wani jirgin dakon kaya da zai tashi daga tashar Piraeus ta ƙasarmu Girka ranar sha biyu ga Oktoba, takarduna sun kammala, har takalmin aiki na saya. Tun da na bar makaranta ina ɗan shekara sha biyar babu aikin da na cika wata shida a kansa. Na raba abinci, na ba da hayar babura, na yi fenti. Aikin kai baƙi gaɓoɓin da mota ba ta zuwa shi ne na baya-bayan nan, shi ma ya ishe ni.

Kawu Anargiros ya ce mini mutum ɗaya ce, ta biya na wuni guda, tana son a zagaya da ita duk wuraren wanka. Na zuba ƙanƙara a akwati, na sa kankana da ruwan sha, na wanke gilasan ninƙaya. Sai ga wata tsohuwa cikin baƙaƙen kayan takaba da takalmin zuwa coci, ta rungume wani abu mai faɗi naɗe cikin tawul.

"Kai ne matuƙin?" ta tambaye ni.

"Ni ne, Gwaggo."

"Ɗan gidan wa?"

"Zannis, jikan Margaro ta bayan gidan burodi."

"Margaro mai bakin nan? Tana nan?"

"Shekara uku ke nan da rasuwarta. Ni kaɗai ne a gidan yanzu."

"Allah ya gafarta mata. Ta taɓa jifana da takalmi."

Sunanta Kalliopi. A nan aka haife ta, amma shekara hamsin da ɗaya ke nan tana Piraeus, kuma da yamma za ta koma a babban jirgin fasinja na ƙarfe shida. Na miƙa hannu in karɓar mata ƙunshin ta samu ta shiga, sai ta janye shi kamar na ce zan ƙwace mata jariri.

"Kada ka taɓa. Ba ni kafaɗarka kawai."

Na fara kai ta Farin Yashi, inda kowa ke so. Ruwan ya kwanta, ana hango inuwar jirgin a ƙasa. Na jefa anka, na sauke tsani, na yanka kankana. Ko takalmi ba ta cire ba. Ta dubi gaɓar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta dubi matan da ke kwance ƙarƙashin laima, ta ce, "Ba nan ba ne. Mu je."

A Kogon Tattabaru ma haka. A Gaɓar Makiyayi ba ta ko bari na tsaya ba. Daga nan na kashe inji a tsakiyar ruwa.

"Gwaggo, me muke nema? Idan na sani zan rage mana hanya."

Jirgin ya juya da kansa. Sannan ta buɗe tawul ɗin. Allon waliyyi ne, irin na katako da aka zana da hannu, ya yi duhu don tsufa da hayaƙin fitila. Wani saurayi ne a jiki riƙe da sanda.

"Waliyyi Sostis," in ji ta. "Cocinsa nake nema."

Kowa a nan ya san yadda abin yake. Ƙananan cocinmu na bayan gari ba a barin allonsu a ciki. Ranar bikin waliyyin, bayan an ci an sha, wanda ya riƙe allon bara yakan miƙa shi ga wani, hannu da hannu. Wanda ya karɓa ya kai shi gidansa, ya kunna masa fitila kullum da yamma shekara guda, allon ba ya ƙetare teku, shi ma ba ya yin nisa. Baɗi ya dawo da shi, ya dafa wake da naman akuya ya ciyar da duk wanda ya zo, ya miƙa wa na gaba.

Mijinta ya karɓa suna da wata uku da aure. Kafin shekara ta zagayo aka ba shi aiki a tashar jiragen Piraeus, suka tafi da allon a cikin akwatin kaya, da niyyar dawowa ranar biki. Ba su dawo ba. Shekarar farko babu hali, ta biyu kunya, daga nan kunyar ta yi ta girma. Fitilar dai bai taɓa barin ta mutu ba, har ya rasu watan Afrilun bana.

Ban san lokacin da na ja da baya ba, sai da na ji murfin inji a bayana.

"Gwaggo, ni tafiya zan yi. Sha biyu ga Oktoba."

"Wa ya ce zai ba ka? Dubi yadda ka zare ido. Ajiye shi zan yi a cocinsa in kama gabana, ba wanda ya gan ni. Shi ya sa ban je wurin fada, limamin coci, ba."

Ni ba mai zuwa coci ba ne, sai an yi aure ko mutuwa. Idan ka tambaye ni a gidan gahawa zan ce maka katako ne da fenti. Amma na mayar da hannuwana aljihu, kuma da na tashi injin da gefe na bi.

Matsalar ita ce sau ɗaya ta taɓa zuwa wurin, ta ruwa, kuma a ranar jirgi ya juya mata ciki. Abin da ta tuna: farin yashi, bishiyar ɓaure, rijiya, da matakala.

"Rana tana faɗuwa ta hagu," ta ce.

"Hagun wa? Kina fuskantar teku ko tudu?"

"Ina fuskantar bokiti, ɗana. Na gaya maka amai nake yi."

Cocin Sostis uku na sani a bakin ruwa, kuma duk ukun da allonsu, na sha cin wakensu. Duk da haka na kai ta biyu daga ciki. Na farko ta ce ya yi girma. Na biyu ta ce shi ne, har ta miƙe tsaye, sannan ta ce a'a, wancan ƙofarsa shuɗiya ce. Na ce mata a shekara hamsin ana iya sake fenti, ni da kaina na yi wa ƙofar nan fenti bara waccan. Ta ce to ba ta ga ɓaure ba. Na ce ɓaure yana mutuwa. Ta ce rijiya fa, ita ma mutuwa take?

Na kira kawuna a waya.

"Kawu, akwai wani Sostis na huɗu?"

"Wankan ne ya kai ku coci? Me matar take so?"

"Tambaya kawai take."

"Akwai wani da tsofaffi suka daina zancensa, can ta arewa. Ban taɓa zuwa ba. Kada ka kai mini jirgi arewa, iska za ta taso da la'asar."

Na kai jirgin arewa. Can babu laima, babu kowa, sai duwatsu da awaki a kan gangare. Na shiga kowane lungu da ke da ɗan yashi, guda bakwai ko takwas, har suka fara cakuɗe mini. Wani na tabbata mun shiga sau biyu. Ita kuma labarinta sai sauyawa yake. Yashin ya koma ja-ja. Matakalar ta koma hanyar awaki. Can ta ce anya ma ba a wancan ƙaramin tsibirin na tsallake ba ne. Na fara tunanin ko cocin ma babu shi, ko mijin ya sayi allon a kasuwa ya shirya mata labari. Amma ai ta ce tana wurin. Na dube ta, ta ƙanƙame tawul, leɓɓanta sun bushe, ta ƙi cin kankana.

Ƙarfe uku da rabi iska ta fara kaɗa saman ruwa. Na ce mata dole mu juya idan tana son jirgin ƙarfe shida. Ba ta yi musu ba. Ta koma kujerar baya ta zauna tana kallon inda muka fito, ta ba ni baya. Mun yi kamar minti goma a haka.

"Tsaya," ta ce.

Na duba, ban ga komai ba. Wani lungu ne da nake wucewa kullum ba na ko waiwaya, don babu baƙon da zai biya kuɗi a kai shi can. Babu yashi ko cikin cokali, sai manyan duwatsu baƙaƙe.

"Gwaggo, kin ce farin yashi."

"Dutsen can mai tsaguwa. Haka na gan shi muna tafiya, mijina yana zaune a nan da allon a cinyarsa. Da zuwa ban ga komai ba, da komowa ne na ɗaga kai."

Yashin, ashe, teku ta kwashe shi wani hunturu tun ba a haife ni ba. Na matsa a hankali, na jefa anka, na yi tsalle cikin ruwan da ya kai mini ƙugu. Ta ajiye allon a bakin jirgi, ta cire takalmi, ta sauko tsani, sannan ta miƙa hannu ta ɗauki abinta da kanta. Na riƙe mata gwiwar hannu har muka fita.

Cocin yana bayan dutsen, ba a ganinsa daga ruwa. Rabin rufin ya rufta. Ƙofa babu, ɓauren ya tsiro har cikin ɗakin, ƙasa duk kashin awaki. Wata akuya tana kwance a inda ake ajiye allo, ta dube mu ba ta ko motsa ba.

Gwaggo Kalliopi ta daɗe a tsaye, siket ɗinta yana ɗigar ruwa.

"Tun da muka tafi ba wanda ya sake zuwa," ta ce. "Ba zan bar shi a nan ba."

"To ina za ki kai shi?"

"Ban sani ba."

Da muka koma bakin ruwa iskar ta ƙaru. Jirgin yana tashi yana faɗuwa, tsanin yana dukan ruwa. Ta yi ƙoƙarin ɗora allon a bakin jirgi, jirgin ya ɗaga sama ya fi ƙarfin hannunta. Ta sake gwadawa, igiyar ruwa ta buge ta a ƙirji ta yi taga-taga. Tsani yana son hannu biyu. Na ga tawul ɗin ya fara jiƙewa ta ƙasa.

"Kawo," na ce.

Ta miƙo, na karɓa. Bai kai nauyin da na zata ba. Na ɗaga shi sama da kaina da hannu ɗaya, na tura ta da ɗayan har ta hau.

Sai da muka fita daga lungun, allon yana kan kujera tsakaninmu, na ce, "Wannan ba ya cikin lissafi, ko? Ba ranar biki ba ce. Babu fada, babu wanda ya ci wake."

"Haka nake gani."

"Kina gani, ko kin sani?"

"Hannu da hannu ne dai. A gaban cocinsa kuma." Ta matse gefen siket ɗinta. "Mijina ne ya san waɗannan abubuwa. Ni amarya ce kawai."

"Amma ni na ce kawo. Ba ke kika ce ungo ba."

"Mijina ma haka ya ce a ranar."

Har muka iso gari ina juya maganar, ban gano bakin zaren ba. Ta ce za ta kai wa fada, ta shanye kunyar. Amma muna shiga tasha babban jirgin ya riga ya sauke ƙofarsa, motoci suna shiga, ma'aikata suna busa usur. Gidan fada kuwa yana can saman tudu. Ta tsaya a kan dakali da takalmi a hannu, ta dubi tudun, ta dubi jirgin.

"Ba zai sake ƙetare teku ba," ta ce. "Kai wa fada, ka ce daga matar Iakovos. Ka ce ya yafe mana."

Ta sumbaci allon, ta shafa kaina kamar ɗan yaye, ta tafi da sauri cikin jiƙaƙƙen siket. Har yau ban san ko tun safe ta shirya haka ba, ko ita ma abin ya zo mata ne yadda ya zo mini.

Hanyar gidan fada ta gaban gidan gahawa take. Tawul ɗin ya jiƙe, na cire shi don kada ya ɓata fentin. Kawuna yana zaune da su Baba Frangiskos, wanda ya haura tamanin, suna karta. Baba Frangiskos ya ɗago kai, ya ƙura wa abin da ke hannuna ido. Ya ajiye kartarsa a buɗe, ya dafa tebur ya miƙe, ya cire hula.

"Na Iakovos ne," ya ce. "Ina wurin ranar da ya ɗauka."

"Wurin fada zan kai, Baba. Aike ne."

Kamar ba da shi nake ba. Ya matso ya sumbaci allon, sannan ya kama fuskata ya sumbaci kumatuna biyu.

"Allah ya kai mu baɗi, ɗana. Akuya biyu daga wurina."

Sauran suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce yana da ragowar siminti. Wani ya ce ƙofa a kansa. 

Ban hau tudun ba. Na tsaya a mararraba na ɗan lokaci, sannan na bi ta bayan gidan burodi. A ɗakin kakata akwai ƙusa a bangon gabas da ƙaramar fitilarta, man ciki ya daskare. Na wanke ta, na zuba man zaitun na girki, na kunna tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Daga nan na kira wakilin kamfanin jirgin dakon kayan nan.

Ya ce idan ba zan zo ba in faɗa masa yanzu, akwai mutum uku a layi.

Na ce ya ba ni minti ɗaya. Ya ce ba shi da minti ɗaya.

"Ba wa na farkon," na ce.